Zuwa ga Ƙanena da ke Zaman Benci



Auta, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya kai da abokan wasanka. Ya atisaye, ya gajiya? Mu ma nan lafiya ƙalau, sai godiyar Allah.

Inna ta kira ni ta ce ka je gida ranka a ɓace. Wai kaka ta yi nisa kana zaman benci, koci ba ya waiwayarka sai an tabbatar an ci wasa ko an sha kashi, kuma ka ce da zarar an gama zagayen farko za ka tattara kayanka ka nemi wani kulob. Ta ce in yi maka magana. Na san mu biyu, in a waya ne kowa zai yi ta katse ɗan'uwansa, mu rabu ba a fahimci juna ba. Shi ya sa na zauna na rubuta, ka karanta a tsanake, in ka ga dama ka sake karantawa bayan ranka ya huce.

Bari mu fara da lissafi, domin shi ba ya son kai. Wasanku na ƙwallon kwando minti 40 ne, mutum biyar a fili, ke nan minti 200 koci yake da su a hannu, ku kuwa ku goma sha biyu kuke sa riga. In biyar ɗin farko suka ɗauki minti talatin-talatin, 150 sun tafi. Mutum uku da ke bin bayansu su ɗauki sha biyar-sha biyar, saura minti biyar kacal ga mutum huɗu. A gasar NBA ta Amurka wasan minti 48 ne, kulob na riƙe da mutum 15 masu cikakken kwantiragi, amma in aka shiga wasannin fitar da gwani na ƙarshen kaka, sau da yawa mutum takwas kawai koci ke juyawa. Saboda haka duk inda ka je a duniya za ka tarar da matasa masu hannu suna zaune suna tafa wa wasu. Kowane minti da kake nema a hannun wani yake, kuma koci ba zai ƙwace shi daga wanda ya sani ya ba wanda bai gama sani ba sai da dalili mai ƙarfi. Abin da nake so ka gane shi ne irin dalilin, domin ina jin ba inda kake nemansa yake ba.

Ka san Jordan Nwora, ka sha kallonsa a rigar D'Tigers, tawagar Najeriya. An haife shi a Buffalo ta jihar New York a 1998, mahaifinsa Alex Nwora ya taɓa horar da tawagar Najeriya. Ya yi jami'a a Louisville, inda ya yi suna wajen jifa daga nesa, sannan Milwaukee Bucks ta same shi a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2020, shi ne na 45. Wanda aka ɗauka a zagaye na biyu irinsa ba shi da tabbacin albashin shekara biyu da na zagayen farko ke samu kai tsaye, sai abin da aka daidaita da shi. Ya kuma faɗa kulob da ke neman kofi ido rufe, gabansa ga Giannis Antetokounmpo, ga Khris Middleton, ga Jrue Holiday, ga tsofaffin hannu a benci irin su Pat Connaughton da Bobby Portis. A kakarsa ta farko wasa 30 ya buga cikin 72.

A wasan ƙarshe na kakar, cikin Mayun 2021, koci Mike Budenholzer ya hutar da manyan 'yan wasansa a karawarsu da Chicago Bulls, ya saki yara. Nwora ya ci maki 34, ya cafke ƙwallo 14 daga cikin waɗanda suka daki kwando suka dawo. Magoya baya suka yi ta cewa ai ga gwani an ɓoye a benci. Da aka shiga wasannin fitar da gwani kuwa, sai ya koma mazauninsa, ba a taso shi sai wasa ya riga ya mutu. Milwaukee ta ɗauki kofin a ranar 20 ga Yuli, karo na farko cikin shekara hamsin, shi ma ya samu zobensa na zakaru. Kwana kaɗan bayan haka ya isa Tokiyo wasannin Olamfik, ya zuba wa Jamus maki 33, duk da an ci Najeriya a wasan. Ka ga babu mai shakkar hannunsa. To me ya hana shi shiga fili a Milwaukee?

Dubi wanda aka ba mintocin. P.J. Tucker, ɗan shekara 36, wanda kulob ɗin ya ɗauko daga Houston cikin Maris na shekarar. A wasan da suka ɗaga kofi, Giannis ya ci maki 50, Tucker ya shafe minti 36 a fili bai ci ko maki ɗaya ba, kuma ba wanda ya ce a cire shi. A zagayen da suka haɗu da Brooklyn shi aka ɗora wa tsare Kevin Durant, mutumin da ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba. Durant ya ci 49 a wani wasa, ya ci 48 a na bakwai, amma kowane maki sai da ya yi gumi a kansa, kuma sauran 'yan Milwaukee ba su bar nasu mutanen don kawo ɗauki kowane lokaci ba. Kulob mai Giannis da Middleton ba ya rasa mai jefa ƙwallo. Abin da yake nema ga sauran mutum ukun da ke fili shi ne kada su zama ƙofar da za a riƙa shigowa ta nan. A manyan wasanni abokan hamayya sukan nemi wanda ya fi rauni a tsaro, su yi ta tare hanya har sai an sauya masu tsaro ya faɗo gaban gwaninsu, sannan su yi ta bi ta kansa. Matashin da ke cin maki goma ana cin sha biyar ta wajensa asara ce ga koci, ko da jama'a maki goman kawai suka gani. Abin da aka riƙa faɗa game da Nwora ke nan tun yana Milwaukee: hannu akwai, tsaro da raba ƙwallo ne da saura.

Shi kansa Tucker ɗin ya ɗanɗana abin da kake ɗanɗana. Toronto ta ɗauke shi a 2006, ya buga wasa 17 ta sallame shi. Ya yi yawo Isra'ila, Yukren, Girka, Italiya da Jamus, sai a 2012 ya dawo NBA ta hannun Phoenix yana ɗan shekara 27. Ya dawo da sana'a biyu rak: ya tsare duk wanda aka ba shi, ya kuma tsaya a kusurwa ya jefa mai maki uku in an miƙo masa. Da waɗannan biyun ya ci abinci fiye da shekara goma a gasar da ta taɓa korarsa.

Yadda ta ƙare da Nwora ma akwai darasi. A Fabrairun 2023 aka musanya shi zuwa Indiana, kulob mai tara matasa wanda a lokacin ba ya hangen kofi. Can ya samu fili, ya riƙa cin maki kusan sha uku a kowane wasa, har wata rana cikin Maris ya zuba wa Atlanta maki 25 a rubu'i ɗaya. Da kaka ta zagayo Indiana ta fara cin wasanni da gaske, sai mintocinsa suka sake tsukewa. A Janairun 2024 aka haɗa shi cikin cinikin da ya kai Pascal Siakam Indiana, shi ya tafi Toronto, daga nan kuma ya wuce Anadolu Efes ta Istanbul. Kada ka ji kamar ina cewa ya faɗi. Mutumin da ke buga babbar gasar Turai yana karɓar albashi mai kauri ya wuce inda dubban 'yan wasa ke mafarkin kaiwa. Abin lura shi ne, duk lokacin da kulob ɗinsa ya matsu da nasara, shi ake fara zaunarwa, kuma sauya kulob sau biyu bai sauya wannan ba.

Yanzu ga abokin wasansa a D'Tigers, Gabe Vincent, wanda a rigar Najeriya yake sa sunansa Nnamdi. Ya tsinka jijiyar gwiwa yana jami'a a Santa Barbara, kuma a zaɓen 2018 aka kira mutum sittin ba shi a ciki. Ya tafi ƙaramar gasa ta G League, kulob ɗin Stockton, inda ake tafiye-tafiye masu wahala a kan ɗan albashi. A can shi ma mai zuba maki ne, sama da ashirin a kowane wasa a kakarsa ta biyu. A Janairun 2020 Miami Heat ta ba shi irin kwantiragin nan mai ƙafa biyu, wanda ɗan wasa ke kai-kawo tsakanin babban kulob da ƙaramin, kuma ana iya sallamarsa cikin sauƙi. Da ya zo Miami sai hannun nasa ya ƙi, ƙwallo ta riƙa kuskure kwando. A ƙa'ida wanda aka ɗauka don jifa, jifan ya ƙi shiga, sai kama hanyar gida. Abin da ya riƙe shi shi ne ya koma ya zama ƙarfen ƙafa ga masu ɗauko ƙwallo na abokan hamayya, yana bin su tun daga ƙarshen fili, yana tsayawa a gaban mai gudu ya yarda a bangaje shi don a busa laifi. Ya kuma koyi tsara wasa, aikin da ba shi ya taso yana yi ba. Koci Erik Spoelstra ya ga ko ba ya cin maki ba ya cutar da kulob, sai ya ci gaba da sa shi har hannun ya dawo.

Ka tuna ranar 10 ga Yulin 2021 a Las Vegas, da Najeriya ta doke Amurka 90 da 87 a wasan share fage, karo na farko da wata ƙasar Afirka ta yi haka? Vincent ne ya fi kowa maki a tawagarmu, 21. Amma abin da na fi so ka riƙe ya faru ne a Afrilun 2023. Miami ta shiga wasannin fitar da gwani a matsayi na takwas, ta haɗu da Milwaukee mai matsayi na ɗaya. A wasa na biyar, saura daƙiƙa biyu da 'yan kai, ana bin Miami maki biyu, ana neman wanda zai jefo ƙwallo daga gefen fili. Spoelstra ya danƙa wa Vincent. Ya cilla ta sama ta faɗa hannun Jimmy Butler a gindin kwando, aka yi kunnen doki, suka ci a ƙarin lokaci, suka fitar da Milwaukee. Koci ba ya ba mutum irin wannan ƙwallo don ya ci maki talatin a wasan da ba kowa ya damu da shi ba. Yana ba wanda ya shekara uku yana gani ba ya ruɗewa. Vincent ya zuba wa Boston 29 a zagayen kusa da ƙarshe, ya zuba wa Denver 23 a wasa na biyu na zagayen ƙarshe, ko da yake Denver ce ta ɗauki kofin. Da bazara ta zo Lakers ta ba shi kwantiragin shekara uku a kan dala miliyan 33.

To mu dawo kanka. Na kalli bidiyon da ka turo na wasan da ka ci maki da yawa a rubu'in ƙarshe, na kuma ji daɗi, hannunka ya yi laushi fiye da bara. Sai dai a lokacin da ka shiga tazara ta riga ta yi nisa, su ma abokan hamayya yaransu suka sako, ba wanda ke tsaro da zuciya ɗaya. Wanda ya auna kansa da irin waɗannan mintoci kallon kitse yake yi wa rogo. Ni kuma ba jifanka na tsaya kallo ba. Na ga in ƙwallo tana ɗaya gefen, idonka yana kanta ɗungurungum, mutuminka ya sulale ta bayanka ba ka sani ba. Na ga in ka jefa ta kuskure kana tsayawa kana girgiza kai, alhali an riga an juya da gudu. Na ga ba ka buɗe baki ka gaya wa abokinka ana zuwa tare masa hanya. Ka tabbata kocinka ya ga waɗannan kafin ni, kuma su yake tunawa idan ya juyo ya dubi benci a rubu'i na biyu wasa yana da zafi.

Labari mai daɗi shi ne duk abin da na lissafa ana koyonsa. Tsawo da tsawon hannu Allah ya ba ka, ba a sayensu a kasuwa, kuma su ne jarin mai tsaro. Saura niyya. Ka je wajen koci, ba a gaban jama'a ba, ba kuma da fuskar mai neman haƙƙi ba. Ka gaishe shi, ka ce masa: Koci, wane abu ɗaya ne in na gyara za ka iya sa ni? Duk abin da ya faɗa ka rubuta, ka yi shi har ya gaji da gani. A atisaye ka roƙa a ba ka tsaron wanda ya fi kowa a kulob ɗin. Zai wulaƙanta ka makonni, ka daure, domin atisaye shi ne wasan ɗan benci, can ne kawai koci ke ganinka na tsawon sa'a biyu. Ka haddace tsarin wasan kulob na matsayi biyu ko uku, ba naka kaɗai ba, saboda rauni ba ya sallama, kuma ranar da wani ya dafe idon sawu koci zai ɗauki wanda ya san inda zai tsaya. Ba a fafe gora ranar tafiya. In kana benci ka zauna kusa da mataimakin koci kana bin wasan, ka san laifi nawa ke kan kowa, ka san wane hannu mutumin da za a iya ba ka ya fi so. In an ba ka minti uku, kada ka shiga da yunwar jifa. Ka tsare mutuminka, ka toshe shi daga kwando, ka miƙa ƙwallo ga wanda yake sarari, in ta zo maka kana sarari ka jefa ba tare da ɗar ba. Minti uku masu tsabta su ke haifar da shida.

Ban ce kada ka taɓa barin kulob ba. Akwai lokacin tafiya. In ka yi kaka guda cur kana yin duk wannan, ka ga ana sako waɗanda ka fi a atisaye, ko waɗanda ke gabanka a matsayinka matasa ne da ba inda za su, ko kuma albashi ya daina fitowa, to sai mu zauna mu duba inda za ka samu fili, ko da ƙaramin kulob ne. A shekarunka wasa ya fi suna amfani. Siakam ɗin da na ambata, ɗan Duwala, Toronto ta tura shi ƙaramar gasa a kakarsa ta farko, ya je ya ci musu kofi a 2017, bayan shekara biyu ya ɗaga na NBA yana cikin biyar ɗin farko. Amma tafiyar da aka yi da shawara daban take da wadda aka yi cikin fushi a tsakiyar kaka. Duniyar ƙwallon kwandon ƙasar nan ƙarama ce, masu horarwa sun san juna, kuma kafin ka isa sabon wuri labarinka ya riga ka.

Ga alamun da za ka riƙa dubawa don sanin ko kana gaba. Shin an fara sa ka kafin hutun rabin lokaci? Shin in wani ya tara laifi da wuri kai ake kira? Shin koci ya fara yi maka faɗa da sunanka a atisaye? Wannan na ƙarshen kada ya ɓata maka rai, wanda aka cire rai da shi ba a ɓata yawu a kansa.

Sai maganar mutumin da Inna ta ce ya yi maka alkawarin gwaji a ƙasar waje in ka biya kuɗin biza da tikiti. Kada ka ba shi ko sisi. Wakilin kirki daga kwantiragin da ya samo maka yake cin nasa kason, kuma kulob ɗin da ke son ka da gaske takardar gayyata yake aikowa da sunansa. Hanyar fita ta gaskiya a buɗe take fiye da da. Tun 2021 ake buga gasar BAL ta kulob-kulob na Afirka, wadda NBA da FIBA suka kafa aka fara a Kigali. Rivers Hoopers da Kwara Falcons duk sun wakilci Najeriya, Hoopers har ta zo ta uku a 2024. Masu farautar 'yan wasa suna kallon waɗannan wasanni, kuma kulob ɗin da ya samu gurbi yakan nemi ƙarin 'yan gida masu tsaro, domin masu cin maki galibi daga waje yake ɗauko su.

Abu na ƙarshe, karatu. Vincent ɗin nan da ya sa hannu a kan miliyoyi, a kakarsa ta farko a Lakers wasa 11 kawai gwiwa ta bar shi ya buga. Shi a lokacin yana da kwantiragin da ke biyansa ko yana kwance, kai ba ka da shi. Ka kuma san rikicin shugabancin hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa da ya taso a 2017 yadda ya dagula gasar cikin gida, har a 2022 gwamnati ta janye Najeriya daga wasannin duniya na ɗan lokaci, matanmu D'Tigress suka rasa gurbinsu a gasar cin kofin duniya ba da laifinsu ba. Sana'ar da za ta iya tsayawa saboda taron da ba ka halarta ba tana buƙatar ta biyu a gefe. Masai Ujiri a Zariya ya tashi, a can ya fara riƙe ƙwallo. Bai taɓa buga NBA ba, ya yi 'yan shekarunsa a Turai, ya fara yi wa Orlando aikin farautar 'yan wasa ba albashi, amma shi ne shugaban Toronto lokacin da ta ɗauki kofi a 2019. Wasan nan yana da ƙofofi da yawa, kuma mafi yawansu da ilimi ake buɗe su.

Ka ɗauki hoton kwantiraginka shafi-shafi ka turo mini in duba abin da ya ce game da rauni da sallama. Ka kuma turo bidiyon cikakken wasa, ba guntayen da ka zaɓa ba, har da wanda ba ka taɓuka komai ba. Kuɗin rajistar zangon karatu na turo ta hannun Yaya Babba, ka je ka karɓa ka biya kafin a rufe. In ka yi magana da koci ka sanar da ni abin da ya ce, kalma da kalma.

Ka gaishe da Inna da kyau, ka kwantar mata da hankali, ka daina kai mata fushin fili gida. Ka gaida su Baba Ƙarami da duk mutanen gida. Allah ya tsare maka gwiwa da idon sawu, ya sa albarka a cikin abin da kake nema.

Wassalam.

Ni ne naka,
Yayanka.